Sai Ya Manta Sunansa

Idan sanyi ya shigo Haɗeja, ruwan da ya kwana a fadama wata uku yakan fara janyewa, ya bar laka tana tsagewa a bayansa. A irin wannan lokacin ne kakarmu, Kaka Falmata, take hura wuta a tsakar gida da an sallame isha'i. Mu jikoki mu kewaye ta da tsofaffin mayafai, hayaƙi yana tashi a miƙe, can daga bakin kogi kuma muna jiyo kukan agwagin ruwa. Ni ta fi tsokana. Mijina rago, haka take kirana, don kullum ni ne na farko a bakin wuta, na ƙarshe a lambu.

Ba ta yarda a zubar da tokar wutar ba. Da asuba take kwashe ta a sakaina, ta haɗa da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa, ta zuba a wani rami da ke bayan turken awaki, ta yayyafa ruwa, ta rufe da ƙasa. Wai tatsuniyar daren jiya tana cikin tokar, kuma albasa ma tana son labari.

Akwai wadda take yi mana duk shekara.

"Ga ta nan, ta hayo kogi ba kwalekwale," za ta ce.

Mu ce, "Ta zo ta sha ɗumi."

Wai Fadama matar Kogi ce. Da damina yakan zo mata da tsaraba, da sanyi kuma ya tafi fatauci Chadi, ya bar ta da yunwa. Sai ta rikiɗa ta zama tsohuwa, ta shigo gari tana sallama gida gida. Wani attajiri ya auno mata sabuwar shinkafa. Ta duba, ta ce, "Allah ya saka, ɗana, amma ba ni da haƙora." Ta wuce gidan wata matalauciya. Matar ta ce ba ta da komai sai shara da toka da wata tabarma da ta mutu. Tsohuwa ta ce, "Shi nake nema. Binne min, kada ki ba ni sai ya manta sunansa."

Matar ta binne. Bayan wata ɗaya ta tone, ta ce, "Wane ne nan?" Aka amsa, "Ni ne ɓawon gyaɗa." A nan Kaka takan matse hanci ta yi muryar ɓawon gyaɗa, mu faɗi da dariya. Matar ta mayar da ƙasa. Ta sake dawowa, tabarma ta ce, "Ni ce da aka haifi 'ya'yanki a kaina." Matar ta yi kuka, ta sake rufewa. A zuwa na uku ta tambaya har sau uku, shiru. Ta ɗiba ta kai wa tsohuwa. A shekarar, albasar lambunta sai da hannu biyu ake ɗaga guda.

"Ƙurunƙus kan tarwaɗa. A bar min tokata."

Wani dare na ce, "Kaka, to idan tabarmar ta manta sunanta, ai ta ɓata ke nan."

Ta tura itace cikin wuta, ta ce, "Ji mijin nan nawa, tambaya kamar alƙali, noma kamar kuturu. Miyar da ka lashe ɗazu, wa kake tsammani yake cikinta?"

Ban gane ba. Barci nake ji.

Kaka ta rayu har ta ga aurena. Ita ta koya wa matata Hajara aikin ramin, tana ce mata kishiya, suna dariya. Bayan rasuwar Kaka lambun ya dawo hannuna, ramin kuma ya zama na Hajara. Shekara goma sha ɗaya ni ke yin fangalin shuka a lambu, ita ke ciyar da ƙasa. Bara, kafin saukar damina, ta cika ramin ta rufe da hannunta. Damina na tsakiya zazzaɓi ya kwantar da ita. Kwana shida ta yi. Allah ya jiƙanta.

Ruwa ya janye, maƙwabta suka gama dashe, ni ban taka lambu ba. Ramin ma zagaye shi nake yi. Sharar da ta share tana ciki, da tokar girkinta, da ɓawon duk abin da ta fere mana. Gani nake muddin yana rufe, akwai wani aikinta da bai ƙare ba.

Ranar wata Talata yayana Bukar ya same ni a zaure. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya ce, "Irin albasar da na yafa maka ya kai dashe, ya kusa wucewa. Idan Juma'a ta wuce ba ka shiga ba, zan ba Malam Audu aron wurin. Ba don na ƙi ka ba. Ƙasar Kaka ce, ba a barinta da yunwa."

Na ce, "To, Yaya."

Alhamis da hantsi na ɗauki fartanya. Na tsaya a bakin ramin, kuma ban ji kunyar kaina ba, a hankali na ce, "Wane ne nan?" Awaki ne kawai suka ɗago kai. Na sara. Abin da ya fito baƙi ne, mai laushi, yana marmashewa a hannu, da ƙamshi irin na ruwan farko. Na durƙusa ina tonawa da yatsu, ina neman abu ɗaya da zan gane. Ba ɓawo, ba toka, ba tsinken tsintsiya. Duk sun manta. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Kwando tara na kai lambu. Ina watsa na ƙarshe wani abu mai tauri ya gangaro kan ƙafata. Ƙwallon goruba ne, an gaigaye shi tas. Hajara ce mai cin goruba a gidan, har ina yi mata tsiya cewa wata rana za ta bar haƙoranta a jiki.

Mun yi dashe ranar Juma'a ni da Yaya Bukar, kafin a tafi masallaci. Yanzu albasar ta miƙe, kore shar, ina ba ta ruwa da safe. Na fara gane abin da Kaka take nufi da miyar nan, ko da yake ba duka ba. Na kuma fara tara toka a sakaina.

Ƙwallon yana aljihuna. Fadama ta yi haƙuri da wannan ɗaya. Ita ce ta ce ba ta da haƙora.