Gurup Ɗin Illiya Ya Kashe Mini Ordinater

Jama'a, yau na ga gwanintar banza a kasuwar Dogon Dutsi! Raina a ɓace yake, wataƙila na manta wani abu.

Na kai ordinater ɗin yayata, wato kwamfutarta, wurin Illiya mai gyara. So nake ya sauya mata manhajar da ke tada na'ura, ya sa irin ta kyauta wadda kowa ke iya duba cikinta. Ban ma gaya wa Yaya ba.

Na ce, "Malam Illiya, batir ɗinta ya mutu. Na karanta cewa in wuta ta yanke ana tsakiyar aiki, ta tafi ke nan."

Ya yi dariya. "Ɗan boko, tsoro ya yi maka yawa! Gurup gare ni, injin wuta nawa na kaina."

Ya fara aiki. Sai aka kira la'asar. Gwanin ya miƙe, ya kashe gurup kamar kullum, ya ɗauki buta!

Na yi ihu. Allon ya yi baƙi ƙirin. Illiya ya danna, ya busa, ya girgiza. Shiru!

Sai ya ce, "Wagga na'ura iska gare ta. Kai ta Lugu, garin 'yan bori."

Gobe Yaya za ta ofis da ita. Waɗanda abin ya faru a gabanku, in na yi kuskure ku gyara mini, don wannan saƙon zan tura mata.