Bahon Tsohuwar Longsight

Minti goma sha biyar aka yanka mini kullum a gidan tsohuwar, a unguwar Longsight. Lokacin maigidana yana karatu a Manchester, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi gida-gida, a shekarun da council, wato hukumar gari, ta tsuke bakin aljihu. In ba ta magani, in haɗa shayi, in goge mata fuska da tsumma, in fita. Wanka kuwa an soke shi, wai sai da ma'aikata biyu.

Bajamushiya ce, wani sojan Ingila ya auro ta bayan yaƙin duniya na biyu, ya mutu ya bar ta. Kaka nake ce mata. Ba ta da zance sai na garinsu, ɗan mitsitsin gari a gindin dutse, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta ce attajirai kan zo su yi wata guda, su jiƙa a ciki, su sha a kofi suna zagaya lambu a hankali ana busa musu algaita irin tasu. Da yaƙi ya zo, masaukan baƙin garin suka cika da sojoji marasa ƙafa. Mahaifiyarta ce ke cuɗa su.

"Ni da aka haifa a garin wanka," ta ce mini, "wata bakwai ruwa bai taɓa bayana ba."

Wallahi raina ya ɓaci. Mu da ko jego sai an tafasa mana tukunya safe da yamma! Na ce, "Kaka, bar su da dokarsu. Asabar ba ni da aiki, zan zo in yi miki da kaina."

Asabar ɗin aka kira ni wani gida, na tafi. Na ce mata ta gaba. Ta gaban ma ban zo ba.

Ran Litinin na buɗe ƙofa na yi ta kira, shiru. A banɗaki na same ta a ƙasa, ƙugu ya karye, ƙafa ɗaya ta rataye a bakin baho. Ta cika shi taf, ta ajiye tawul biyu a kujera, nata da nawa. Kwana huɗu ta yi a asibiti ta cika.

Ran Litinin ɗin, bayan motar asibiti ta tafi da ita, na koma na tsoma hannu a bahon. Ruwan ya yi sanyi ƙalau, tas yake, ko sabulu bai taɓa shi ba. Ni na zare toshiyar.