Marigol ɗin Bikin Yagana

Wata Laraba ce a ƙarshen damina, ina aji biyar a firamare, aka aike ni kai tsaki gidan Ya Falmata, tsohuwar maƙwabciyarmu a unguwar Moduganari. Na tarar da ita durƙushe gaban tsofaffin gwangwanayen fenti, ta sa farce tana tsinke kan kowane tsiron furen marigol. Ni da nake satar karanta littattafan soyayyar yayata Yagana, inda fure ya fi zinariya daraja, sai na ji kamar ni ake mintsina.

"Ya Falmata, me suka yi miki?"

"Ke 'yar nan, in kin bar masa kai, tsayi zai yi ta yi kamar karan dawa, ya ba ki fure ɗaya tal."

Saura wata biyu bikin Yagana, na ƙudurta sai na kai mata furen da na rena da hannuna. Tsohuwar ta ba ni tsiro huɗu, kowanne a gwangwaninsa. Na runtse ido na tsinke biyu, biyun kuwa tausayi ya hana ni. Kullum in na gama ɗebo ruwa sai in auna su da tsinken tsintsiya, har 'yar carafke na daina fita. Waɗanda na tausaya wa suka riga yin fure, na yi ta fankama a unguwa, amma tun kafin a kawo lefe suka langaɓe suka bushe. Tsinkakkun kuwa sai rassa da ganye, ko toho babu. Na je mata da hawaye.

"Jira sanyi ya sauka," in ji ta. "Shi ma yana da lokacinsa."

Da sanyin ya shigo, gwangwanayen biyu suka cika da furanni ruwan ɗorawa har ganye ya ɓace. Ranar lalle na kai wa Yagana faranti guda. Ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta ce, "Wannan ai warin magani yake!" Amma ta soke ɗaya a gefen lafayarta. Da bazara na sake shukawa, rana ta ƙone su tun suna ƙanana.

Yanzu furen roba ake jerawa a bukukuwa, babu mai tambayar wane wata aka shuka shi. Ya Falmata ta makance daga baya, ɗanta ya ɗauke ta zuwa unguwar Dala, gidan da aka shafe da siminti. Sai da ta sa ya fasa mata kusurwa ɗaya ya zuba ƙasa. A nan take wuni har ta rasu, tana laluben kan tsiron marigol ɗinta da yatsu. Ashe hannu ma yana gani.