Furen da Aka Kai wa Fernande

A bakin kakata na fara jin sunan Fernande Vialat. Ina ƙarama, muna kallon wani fim na barkwanci a talabijin, kowa a ɗakin yana dariya, ita kuwa ta tashi ta kashe. Ta ce, "Ya isa haka. Fernande ta sha dariyar mutane har ta ƙoshi."

Ƙawar kakata ce. Ta yi rayuwarta tana guga a wani otal a garin Aurillac, ba ta yi aure ba, ta dawo ƙauyenmu ta zauna a gidan iyayenta. Rabin gidan na ƙaninta ne, Aimé, wanda ya tafi Amurka bai dawo ba. Da ya rasu, rabonsa ya koma hannun ɗansa Curtis, wanda bai san ko gaisuwa da Faransanci ba.

Curtis ya zo ganin gadonsa a ƙarshen Oktoba. Ya biya ta kasuwa, ya ga kowa yana sayen fure iri ɗaya, sai ya zaɓi tukunya mafi girma ya rungumo wa gwaggonsa. Furen kabari ne, wanda muke kai wa mamatanmu ranar ziyarar kaburbura. Fernande ta buɗe ƙofa a gaban maƙwabta, ta dubi furen, ta dubi magajin gidan.

Ta ce, "Ka yi gaggawa, ɗana. Da sauran numfashina."

Shi kuwa sai murmushi yake yana gyaɗa kai. Maƙwabta suka fashe da dariya.

Ɗan mai burodinmu, wanda ke harkar fim a Paris, shi ya kwashi labarin ya mai da shi fim, wancan da kakata ta kashe. A fim ɗin, tsohuwa ta kori Ba'amurke da tsintsiya, ta zuba masa dodon koɗi a gado. A zahiri kuwa miyar kabeji Fernande ta dafa wa Curtis, ta shimfiɗa masa a ɗakin mahaifinsa. Sun zauna tare 'yan kwanaki ba mai jin maganar wani, tana satar kallon kunnuwansa, don irin na Aimé ne sak.

Curtis ya ga fim ɗin a can Amurka bayan ya koma. Ya ɗauka ita ta sayar da shi don a yi masa dariya. Ya daina bugo wayar da ya saba yi mata lokacin Kirsimeti, alhali ba ta da kowa na jini a duniya sai shi.

Da na girma nakan raka Fernande kasuwa. Mahauci ya hango ta ya ɗaga murya, "Ga tauraruwarmu! Ina tsintsiyar, Gwaggo?"

"Tana jiran ka, Firmin. Yanko mini naman, ka rage surutu."

Da muka fito sai ta jingina da bango. "Na gaji, 'yar nan. Ko amsa musu ma aiki ne."

Ban taɓa jin ta zagi mai fim ɗin ba. Ta ce kawai uwarsa mutuniyar kirki ce.

A lokacin kaka, shekarar da ƙafafunta suka daina kai ta kasuwa, ta zaunar da ni kusa da murhu, ta turo mini wayar gidan.

"An ce kin yi Ingilishi a makaranta. Kira mini yaron nan. Ki ce masa ya zo ya ci abinci kafin sanyi ya shigo. Iyakar abin da za ki faɗa ke nan, kada ki ƙara naki."