Yajin Jego a Tashar Stratford

Kano. Kafin assalatu na bar gida. Hajiya ta danƙa mini jakar yaji da daddawa da kanwa, domin matar ɗanmu Sani ta sauka a Landan. Ta ce, "Malam, ko hularka ta ɓata, ban da jakar nan." Arzikin fetur ke nan, har ni da na tsaya a aji biyu na elemantare ake ɗaure wa ɗamara a jirgin sama.

Landan. Sani ya tarbe ni, muka nutse ƙarƙashin ƙasa kamar gafiya, muka hau jirgin ƙasan da suke kira tube. Matakalarsu ma da kanta take tafiya. Ikon Allah!

Stratford. A nan za mu hau bas zuwa Barking, unguwar su Sani. Sani ya tafi tambayar lambar bas ɗin. Na ɗora jaka a benci ta kama mana wuri, yadda kowane mai hankali ke yi a tasha, na sami lungu na ta da la'asar. Ina sallamewa na ga wuri fayau. 'Yan sanda sun ja igiya, suna leƙen jakata daga nesa.

Sani ya iso yana haki. "Baba, an yi closing tashar! Wai bam ne a jakarka, fasa ta za su yi."

"Yajin uwar taka?"

Ya ce akwai tsibiri jikin Ingila, Ailan, wanda Ingila ta riƙe arewacinsa, rigimar can ce ta biyo su har gida, ana dasa musu bam a jakunkuna. Na riƙe baki. Na tsufa ina zube wa Di'o, ban san Bature na mulkin Bature ba. Mu da ke nesa an sakar mana ƙasarmu dukanta, maƙwabci na jikin katanga an riƙe masa ɗaki!

Na ɗaga hannuwa, na zazzage Turancina kaf: "Sa, pepper! Madam born!"

Babban 'yan sandan ya sa na kwance jakar da hannuna. Ya duƙa ya shinshina. Atishawar da ya yi sai da hularsa ta faɗi. Yana hawaye ya miƙo mini jaka, har da ce mini "sa".

Barking. Mai jego ta sha romo da yaji, ta yi gumi, jariri ya ƙoshi.

Na dawo Kano lafiya, godiya ga Allah da masu addu'a. Duk mai zuwa Landan, ya yi salla da kayansa a gabansa.