Kawu Mani da Ɓaraguzan Yuraniyam

Kun dai san Kawu Mani ba ya ɓare goro ya miƙa maka haka kawai. Sai ya ɗaga ɓari biyun ya duba, kana tsaye kana haɗiyar yawu, sannan ya ce, "Ka gani? Ko goro bai rabuwa daidai, balle yuraniyam."

Shi ƙanen uwata ne. A ƙarshen mulkin Turawa aka kai shi Ingila karatu, ya zauna yana bincike kan abin da ke fita idan ƙwayar zarrar yuraniyam, ma'adinin da ake haɗa bam da shi, ta tsage. Yadda ya bayyana mini, cikin ɓaraguzan akwai masu kama da tagwaye: suna ɗaya, nauyi ɗaya, amma wani yakan fito a natse, wani ya fito da zafi a ciki, sai an jima ya saki. Aikinsa shi ne gano wanne ya fi yawa.

Da ya dawo Aliero ya kama noman albasa, mutane suka ce ai bam ya koyo. Ya yi ta rantsuwa, "Ni ɓaraguzai nika aunawa," ba wanda ya yarda. Wata ranar kasuwar Jega muka je wurin wani mahauci, mahaucin na ganin Kawu ya zaɓo tsoka zalla, har da ƙarin hanta, don tsoron bam. Muna barin wurin na ce, "Kawu, ba ka gaya mai gaskiya?" Ya ce, "Na gaya ma mutanen Aliero, mi sunka ba ni?"

Lokacin aurena shi aka tura Gumbin Kure, can ƙasar Maiyama, neman mini Hajo. Ubanta mutum ne mai saurin fushi, kuma ya ji labarin bam. Ya ce ɗiyarsa ba ta shiga gidan da za a tashi da ita sama. Ni ina bayan danga ina saurare. Kawu ya gyara zama kan tabarma, ya sha furar gidan, ya yi azahar, ya sake neman fura. Na raɗa masa ta dangar, "Mu tafi mana." Ya ce, "Irin wanga ba a girgiza shi. Da kainai shika saki." Bayan la'asar tsohon ya fito yana dariya, ya ce a ba mu yarinyar kafin baƙon ga ya ƙare masu gero.

Yana tsufa sai wani matashin malamin jami'a ya zo gaishe shi. Yana ta sunkuyar da kai, da ƙyar ya faɗa cewa an sake awon da sababbin na'urori, an samu na Kawu da kuskure. Kawu ya miƙe ba sanda, ya rungume shi, ya ce, "Ashe akwai wanda ya karanta!" Mutumin da ko sallah sai an yi da gaske yake yanka kaza, ranar rago ya kayar.

Jiya na wuce gonarsa, albasa ta yi kyau, ba mai tsayar da ni da dogon bayani. Allah Ya jiƙan Kawu Mani, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada mu da shi cikin rahama.