Hamsatu da Muryoyin Aji Huɗu

Hamsatu 'yar garin Dangamaji ce, aure ya kawo ta Jega. Da mijinta ya rasu sai aka sa ta cikin matan da ke dafa wa ɗalibai abinci a firamaren unguwarsu. Shinkafa da wake take yi. Ta fi gane yara da kwanoninsu fiye da sunayensu, ta kuma san mai ɓoye rabi ya kai wa ƙaninsa gida.

Ana nan sai aka ce kuɗin ciyarwa sun tsaya. Hedimasta ya ba su haƙuri, ba a sake kiransu ba. Malamai suka yi ta ritaya, ba a kawo madadinsu ba. Iskar farkon damina ta yaye kwanon rufin aji huɗu, ba wanda ya zo gyara. Masu hali suka kai 'ya'yansu makarantar kuɗi, sauran yara suka bi motocin albasa zuwa Aliero ko suka kama talla. Daga baya awaki ne ke kwana a ofishin hedimasta.

Katanga ɗaya ta raba gidan Hamsatu da makarantar. Wata rana da hantsi tana tsintar shinkafa, sai ta ji yara suna rera lissafi baki ɗaya, biyu sau biyu huɗu. Murna ta kama ta, ta ɗauka an dawo karatu. Ta ja mayafi ta zagaya.

Tana sa ƙafa a ƙofar aji huɗu muryoyin suka ɗauke, irin shirun da yara kan yi in babba ya shigo. Ba kowa ciki, sai ciyawa da ta fasa siminti. Amma ta ji ana kallonta, ana jira. Ba ta san lokacin da bakinta ya ce, "Yau babu abinci," ba. Sai ta ji ƙarar benci, kamar mutane da yawa sun koma sun zauna, alhali an daɗe da faskara bencinan an yi girki da su.

A gindin dogonyaro ta tarar da Kalilu, tsohon maigadin da bai daina zuwa ba ko da aka daina biyansa.

"Baba, ka jiya?"

"Na jiya, ɗiyata. Kullum da hantsi haka suke."

"Su wane ne?"

"Ban leƙa ba, kuma ba ni leƙawa. Yi a'uziyya ki koma gida."

Daga wannan mako Hamsatu ta kwashe tukwanenta ta koma tasha, tana sayar wa direbobin hanyar Maiyama abinci. Da sassafe take fita don kada hantsi ya riske ta a gida.

Bara mutanen unguwa suka yi karo-karo suka yi wa wasu ajujuwa biyu sabon rufi, yara kaɗan suka dawo. Hamsatu ta sa jikanyarta Kubura a makarantar, amma ta gindaya mata sharaɗi: kada ta bi ta bayan aji huɗu, kuma in ta ji an kira sunanta daga can, kada ta amsa.